Shukar da Ba Ta Son Ƙasa

Duk Kiru an san hannun Innarmu. In ta yafa irin tumatir a bayan gida, ko tattasai, ko albasa, sai ka rantse da ma can suna ƙasa suna jiran ta kira su. Lokacin dashe masu noman rani na bakin ruwan Tiga cika ƙofar gidanmu suke yi, kowa renon Inna Hauwa yake so. Ita ma ta san da haka, kuma ba ta ɓoyewa. In ka nuna mata shukar da ta yi yaushi, kafin ka gama bayani ta ce maka, "Yunwa ce." A wurin Inna duk ciwon shuka yunwa ne, maganinsa kuwa baƙar ƙasa da kashin awaki.

Ni Badiyya ni ce 'yarta ta biyu. Ina aure a bayan kasuwa, amma da wuya rana ta faɗi ban leƙa gida ba. Yayana Mustapha direban motar kayan gwari ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Shi ya auro Ramla daga Doguwa, aka sa ta a ɗakin da ke kallon na Inna.

Ranar da aka zo jere, cikin kayan ɗakinta har da wata 'yar tukunyar ƙasa mai huji-huji a jiki. A ciki akwai shuka, tsawonta bai fi tafin hannu ba, ganyenta mai kauri, saiwoyinta farare duk sun leƙo waje sun kama bakin tukunyar. Babu ko ɗigon ƙasa a ciki, sai gawayi da ɓawon itace. An soke wata 'yar farar roba a gefe, da rubutun fensir a jiki.

Inna ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce, "Wannan kuma laifin me ta yi aka hana ta ƙasa?"

Ramla ta sunkuyar da kai ta ce, "Okid ake ce mata, Inna. Ta Babanmu ce."

Mahaifin Ramla, Malam Sale, ya yi shekaru yana aiki a wani lambun furanni a Jos, ya rasu ana saura kaɗan bikinta. Daga baya Ramla ta ba ni labari cewa da gangan ya zaɓar mata ƙaramar, irin wadda aka haɗa aure tsakanin iri biyu, don ta fi manyan jure zafi, kuma ko a bakin taga za ta zauna. Kusa da randa take ajiye ta saboda sanyi. Na taɓa ganin furenta sau ɗaya, ƙanana masu ruwan hoda mai duhu, jere a kan siririn kara. Na ce mata yana da kyau, a raina kuwa na ce abin da ba a miya da shi.

Da cikin Ramla ya tsufa, danginta suka zo ɗaukar ta goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Ta fito da tukunyar a hannu za ta shiga mota, Inna ta tare ta.

"Kina fama da kanki za ki ƙara da kaya? Ga hanyar Doguwa yadda take. Bar ta nan. A gidan nan shuka ba ta mutuwa."

Ramla ta miƙa mata da hannu biyu. Ta ce, "Inna, ba kullum ake ba ta ruwa ba, kuma..."

Inna ta yi dariya ta ce, "Ji 'yar nan. Ni za ki koya wa reno?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, Ramla ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ina ita ina yi wa uwar mijinta darasi a gaban mutane? Sai a zaure ta riƙo hannuna ta ce a hankali, "Don Allah Anti Badiyya, kar a sa ta a ƙasa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Yarona ya yi zazzaɓi a makon, ban samu zuwa gida ba sai da ya warware. Ina shiga na hango shukar a tsakar gida cikin tsohon bokitin fenti, an cika shi da baƙar ƙasa har baki, an binne saiwoyin nan kaf, ga taki an barbaɗa, ga ruwa kwance a kai. Inna tana tsaye tana kallon ta kamar wadda ta yi wa marainiya ɗinkin Sallah.

Na ce, "Inna, Ramla fa ta ce kar a sa ta a ƙasa."

Ta ce, "Ramla ta girme ni ne? Ki bari ta dawo ta ga yadda abu ke zama in ya ƙoshi."

Gaskiya ni ma a raina na fi yarda da Inna, don ban taɓa ganin abin da ta dasa ya ƙi ba.

Ranar sunan ɗan da Ramla ta haifa muka cika mota muka tafi Doguwa. A lokacin ganyen shukar na ƙasa ya riga ya yi rawaya ya zube. Da muka shiga ɗakin mai jego, bayan an gama gaisuwa da sa albarka, Ramla ta ɗan matso ta ce, "Inna, ya shukata?"

"Tana nan lafiya lau," in ji Inna. Ni kuwa na duƙa ina wasa da ƙafar jariri.

Bayan mun dawo abin ya ci gaba. Inna ta ƙara taki, ta ƙara ruwa, ta matsar da ita rana, ta mayar da ita inuwa. Wata safiya ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan turmi da bokitin a gabanta. Ta ce in duba, ta kama shukar da yatsa biyu ta ɗaga, sai ga ta ta taso ba gardama. Gindin ya yi baƙi yana wari, saiwoyin sun yi laushi kamar taliyar da ta kwana a miya.

Tunda nake ban taɓa ganin Inna ta rasa ta cewa a gaban shuka ba. Can ta ce, "Da wane ido zan kalli yarinyar nan? Abin ubanta ne. Ni na karɓa da hannuna, na kuma ce mata tana lafiya."

Na ce, "Sai a faɗa mata gaskiya, Inna."

"A faɗa mata me? Uwar mijinta ta ci amana ta ƙara da ƙarya? Gobe in ce mata zauna, ta zauna don me?" Ta zare 'yar robar nan daga cikin ƙasa ta goge da bakin zaninta. "Ba sunanta ne a nan ba? Ke kin yi boko. Inda aka sayar da ɗaya ana sayar da biyu."

Na so in ƙi, amma idonta ya cika da ƙwalla, ni kuma ba na iya ganin wannan. Muka ce wa maƙwabta za mu Kano dubiya. Muka hau bas da tukunyar Ramla a cikin leda, robar kuma a ɗaure a bakin mayafin Inna.

A Kano muka yi ta yawo wurin masu sayar da shuke-shuke na bakin titi. Wannan ya nuna mana dashen mangwaro, wancan ya ce ko fulawar roba muke so. Sai wajen azahar wani ya kwatanta mana wani lambu da aka rufe da koriyar raga. Muna shiga muka ji sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙen itace. Mai wurin wani magidanci ne mai fara'a, Zayyad, ya gaishe da Inna har da rusunawa. Ta kwance robar ta miƙa masa.

Ya karanta ya ce, "Doritaenopsis. Kai, na daɗe ban ga wannan sunan ba. Ku zo, Hajiya, akwai su."

Ya kai mu wani dogon tebur cike da su, manya da ƙanana, kowacce da robarta. Inna ta zungure ni ta ce in karanta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk abu guda aka rubuta a farko, Phalaenopsis. Na ce, "Inna, ba sunan ba ne."

Nan fa Inna ta gyara tsayuwa. "Yaro, don ka gan mu da kayan ƙauye shi ne za ka haɗa mu da abin da ba shi ba? Tun ba a haife ka ba nake sayar da iri, ban taɓa ba mutum attaruhu na ce masa tattasai ne ba!"

Muryarta ta cika lambun. Wasu mata biyu 'yan gayu da ke zaɓen furanni suka juyo suna kallon mu, ɗaya ta rufe baki da waya. Na ji kamar in nutse. Mu da muka zo sayen abin da za mu yi ƙarya da shi, mu ne muke kiran wani maƙaryaci.

Zayyad bai yi fushi ba. Ya ce, "Hajiya, ki saurare ni. Da can masana sun ɗauka gida biyu ne, Doritis da Phalaenopsis. In an haɗa su aka samu 'ya'ya, sai a haɗa sunayen biyu a ba su, shi ne wannan da ke jikin robarki. Daga baya suka sake bincike suka ga ashe duk gida ɗaya ne. Sai aka ajiye wancan sunan, kowa ya koma Phalaenopsis. Shukar ba ta canza ba, sunan ne ya canza."

"A canza wa abu suna bayan an riga an raɗa masa?" in ji Inna. "Su masanan sun tambaye ta?"

Ya yi dariya ya ce ba su tambaye ta ba, kuma ba ita kaɗai suka yi wa haka ba. Ya ƙara da cewa sauran rubutun da ke bin sunan a robarmu na ainihin haɗin ne, shi kam ba shi da wannan, sai dai 'yan uwanta na kusa. Wannan maganar Inna ta yi kamar ba ta ji ba.

Idonta ya faɗa kan wata babba mai fararen furanni kamar faifai. Ta ce mu ɗauki wannan, in Ramla ta gani ta ce ƙoshi ne ya sa ta girma haka. Na ce, "Inna, ta Ramla ƙarama ce, furenta kuma ba fari ba ne." Zayyad ya jawo mana ƙananan gaba. Ya ce a garinmu ma ƙananan sun fi dacewa, kuma in za a zaɓa kar a bi fure, don fure na zubewa. A duba saiwa, ta zama da ƙarfi da ɗan kore a bakinta, ganye kuma in an lanƙwasa ya yi gardama. Inna ta fara bin su tana latsawa, ta ɗaga wannan ta leƙa ƙasanta, ta ajiye waccan. A nan kam ta san abin da take yi.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kalle shi ba, "Ita ba a sa ta a ƙasa ne?"

"Ina! A daji ma a jikin itace take maƙalewa, saiwarta iska take sha. Ai duk wanda ya binne ta a ƙasa ya shaƙe ta da hannunsa. Kin san mutane, Hajiya, sai a yi musu bayani su ƙi ji."

Inna ta ce, "Haka ne." Sai ta nuna wadda ta zaɓa, wata mara fure da ta fi kama da ta Ramla a ganye.

Muna can muna juya ta muna gardama ko ta Ramla ta fi ta duhu, ashe Zayyad ya ɗauki robarmu. Ina waiwayowa na ga ya riga ya goge ta tas da jiƙaƙƙen tsumma, yana rubuta sabon sunan da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki.

Na ce, "Malam, wa ya sa ka?"

Ya ɗago da murmushinsa ya ce, "Gyara muku na yi, kar ku sake shan wahalar nema. Haka nake wa kowa."

Na karɓa na kanga a haske ko zan ga sauran fensirin, babu ko alama. Ya zuba sabon gawayi da ɓawo a tukunyar Ramla, ya zaunar da shukar, ya soke robar a gefe. A mota Inna ta rungume ledar a cinya har Kiru. Sau ɗaya ta yi magana, wajen Kwanar Ɗangora, ta ce, "Rubutu ne kawai, ko?" Na ce mata rubutu ne kawai.

Da Ramla ta yi arba'in aka dawo da ita. Wadda ta jagoranci 'yan rakiya ita ce Gwaggo Kulsumu, yayar mahaifinta, doguwar tsohuwa mai kaifin baki. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka ci shinkafa da kaji, aka yi ta yaba yaro. Har na fara sakin jiki, sai Gwaggo ta ce, "Ramla, ɗauko min shukar nan ta Sale in gani. Rabona da ita tun bikinki."

Ramla ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar. Tun daga bakin ƙofa na ga tafiyarta ta canza. Ta shafa ganye ɗaya da babban yatsa, ta juya tukunyar, ta tsaya a kan robar. Ba ta kalli Inna ba, ba ta kalle ni ba. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Gwaggo.

Gwaggo tana ba matan labari tana zaro robar. "Yana kwance fa ya ce a miƙo masa fensir. Hannunsa na rawa, ni na riƙe masa robar. Bai sake rubuta komai ba a duniya." Ta kawo ta kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa. Gwaggo ba ta karatun boko, amma ta san abin da ta riƙe. "Wannan ba hannun Sale ba ne."

Na kalli Inna, ita kuma ta kafe tukunyar da ido.

Ramla ta ce, "Ni ce, Gwaggo. Masana sun canza mata suna. Baba ma ya faɗa min an daɗe da canzawa, shi ne dai ya saba da tsohon. Shi ne na aiko a gyara."

"Kika aiko a gyara." Gwaggo ta ajiye robar a kan tabarma. "Hannun ubanki kika sa aka goge saboda wasu masana da ba su san an yi shi ba? Bokon naki nan ya kai ki? Ko da kuskure ya rubuta, ke ce mai gyara masa yana kabari? Wallahi kin ba ni kunya, a gaban surukanki kuma."

Ramla ta ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo." Hawaye na ɗiga a kan zanin goyonta, ba ta share ba.

Sai Gwaggo ta juyo wajen Inna ta sassauta murya. "Hajiya, ki yi haƙuri da halin yaran yanzu, sai kin riƙa tsawata mata. Ke kam kin riƙe amana. Dubi yadda shukar ta yi shar, ta fi yadda na san ta. Da ma an ce hannunki albarka gare shi."

Na jira. Wallahi na jira Inna ta buɗe baki, kuma na san in ta buɗe ni ma zan buɗe. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ba komai, Hajiya. Yarinya ce."

Na tashi na shige madafa na tsaya a gaban murhu ba abin da nake dafawa. Haushin Inna nake ji, ina jin nawa ya fi. Da 'yan rakiya za su tafi bayan la'asar, Gwaggo ta sallami kowa da fara'a, amma da Ramla ta ce mata a sauka lafiya, ko amsa mata ba ta yi ba.

Washegari na zo da wuri. Na tarar Inna ba ta fita bayan gida ba, ba ta karya ba, tana zaune a bakin gado da carbi. Ta ce tun da asuba Ramla ta zo ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum, har ta share mata ɗaki. Ta faɗi haka ne kamar mai ba da labarin duka da aka yi mata.

Can ta miƙe ta ce in biyo ta. Muka tsallaka tsakar gida. Inna ba ta saba shiga ɗakin Ramla ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta yi sallama. Ramla na zaune a ƙasa tana ba yaro nono, idonta a kumbure, tukunyar na can kusa da randa. Ta yunƙura za ta tashi, Inna ta ce ta zauna.

Inna ta ce, "'Yar nan." Sai ta tsaya. Ta sake cewa, "'Yar nan, shukar nan..."

Ramla ta gyara wa yaron kwanciya a hannunta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Inna, ta yi fure kafin ta mutu? Lokacin furenta ne."

Inna ta dafa ƙyauren da hannu ɗaya. Ta ce, "Ba ta yi ba."

"To," in ji Ramla. Ta juya yaron ɗaya ɓangaren ta ci gaba da ba shi nono, mu kuma muna tsaye a bakin ƙofa.